Alhaji, Bar Ni da Gwangwanina

Cikin duk masu ƙin jinin Koka marar suga a jirgin sama, mutum ɗaya na yarda tana da hujja, kuma ba likita ba ce. Ma'aikaciyar jirgi ce, wadda ke turo amalanken abinci tsakanin kujeru tana murmushin dole alhali ƙafafunta na zugi. Wata Ba'amurkiya mai wannan sana'a, Heather Poole, ta taɓa cewa kafin ta cika kofi ɗaya da Diet Coke, da wani lemon ne da tuni ta sallami fasinja uku. Kumfa ce matsalar. Ko a ƙasa lemon nan ya fi ɗan'uwansa mai suga tashin kumfa, kuma kumfarsa ba ta saurin kwanciya, saboda babu suga da zai ba ruwan ɗan kauri, ga sinadaran zaƙin da ke cikinsa suna sauƙaƙa wa iska fita. To bare an lula sama. Iskar da ke cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa nauyi ba, ana daidaita ta ne daidai da ta saman dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Da an fasa gwangwani sai iskar da aka matse a ciki ta fito a sukwane. A zuba kaɗan, a tsaya, a jira kumfa ta sauka, a ƙara, ga mutum ɗari da hamsin a baya kowa ya miƙo wuya. Wannan baiwar Allah in ta harare ni na yafe mata tun kafin ta nema.

Sauranku kuwa ku matso kusa, yau akwai magana.

Da kai zan fara, Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Kai ne wanda in maƙwabcinka na kujera ya ce a ba shi marar suga sai ka juyo gaba ɗaya, har hularka na gogar tagar jirgi, ka ce, "Yaro, ba ka ji an ce wannan abin kansa yake sa wa ba?" In an tambaye ka wa ya ce, sai ka lalubo waya, ka ce wani likita ne ya yi bayani a WhatsApp. Likitan nan ba shi da suna, ba shi da asibiti, muryarsa kawai ake ji, amma a wajenka ya fi duk likitocin Asibitin Malam Aminu Kano daraja.

Ba na ce ƙarya ka yi ba. Rabin labarin ka ɗauko ka bar rabin a tasha. Ga yadda aka yi. Abin da ke ba lemon nan zaƙi sunansa asfatem. A 1965 wani masanin haɗa magunguna, James Schlatter, ya gano shi bisa tsautsayi a kamfanin Searle na Amurka: maganin gyambon ciki yake nema, ya lashi yatsa zai ɗaga takarda, ya ji zaƙi. Ya ninka suga zaƙi wajen sau 200, shi ya sa ɗan mitsitsi ke isar gwangwani guda. A 1983 Amurka ta yarda a sa shi cikin lemo. A watan Yulin 2023 kuma cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa shi a rukunin da take kira 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo kansa amma shaidar ba ta da ƙarfi. Nan likitanka na waya ya tsaya, ya sha ruwa, ya tura wa duniya.

Abin da bai gaya maka ba shi ne a rana guda aka fitar da sanarwa biyu. Ɗaya kwamitin, wanda aikinsa shi ne auna yawan abin da ɗan Adam zai iya ci ba tare da cutuwa ba, ya duba shaidun ya bar ma'aunin a inda yake: miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin mutum a kowace rana. Su da kansu suka yi lissafin, suka ce mai nauyin kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya ƙetare iyakar. Kai kuwa Alhaji, tubarkalla, rabonka da kilo 70 tun kafin aurenka na biyu, don haka filinka ya fi na kowa faɗi. Kuma wane jirgi ne zai ba ka gwangwani 14? Wasu kamfanonin ɗan ƙaramin nan mai mililita 150 suke miƙo wa, wasu ma a kofi za a tsiyaya maka, rabinsa ƙanƙara, a wuce da sauran.

Tunda kuma ka yarda da cibiyar Liyon, to ka yarda da ita gaba ɗaya. Rukunan nan nata ba girman haɗari suke aunawa ba, ƙarfin shaida suke aunawa. Sama da 2B akwai 2A, inda shaidar ta fi ƙarfi. Ka san wa ke zaune a can tun 2015? Jan nama. Naman sa, naman rago, naman akuya. Wato tsiren da ka sa aka naɗe maka a takarda jiya da daddare, da balangun da ka raka shi da shi, suna hawa ɗaya sama da lemon da kake yi wa yaron mutane wa'azi a kansa. A 2016 aka ƙara musu maƙwabci: duk abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65. Shayin nan naka da kake ce wa mai shayi kada ya sheƙa shi da yawa don kada ya huce, kana kurɓa kana hura hanci, shi ma yana 2A. Ban ce ka bar tsire ba, Allah ya kiyaye, ni ma ba bari zan yi ba. Cewa na yi in za a yi tsoro a yi shi bisa tsari.

Hajiya, ranki ya daɗe, na ga kina dariya kina cewa gara da aka gaya masa. Kada ki yi saurin dariya. Ke ce mai cewa ba kya shan "kemikal", ke sai abin gargajiya. To zoɓon leda mai ƙanƙara da kike aika yara su sayo a bakin titi, wanda zaƙinsa ke maƙale miki a maƙogwaro har bayan la'asar, kin taɓa tambayar me aka sa masa? Wasu daga masu yin na sayarwa sakarin suke jefawa, don suga ya yi tsada. Sakarin kuwa kakan asfatem ne, tun 1879 aka gano shi. Shi ma ya sha irin wannan shari'a: a 1977 Amurka ta sa a riƙa manna masa gargaɗi saboda ɓerayen gwaji sun kamu da kansar mafitsara, sai a shekarar 2000 aka cire gargaɗin bayan an gane hanyar da yake cutar da ɓera ba ta aiki a jikin mutum. Bambancin zoɓonki da gwangwanin jirgi ɗaya ne: shi an auna, an rubuta a jikinsa, naki kuwa da ido aka auna.

Kada 'yan ɓangarena su fara tafi, domin yanzu kanku zan juyo. Akwai wani irin fasinja, galibi ɗan boko, da agogon da ke ƙirga masa taku. In amalanke ta iso sai ya ɗaga murya don na baya su ji: marar suga, don Allah. Ya karɓa yana duban na kusa da shi da tausayi. Bayan minti biyar ya cinye shinkafarsa, ya cinye burodi da man shanu, ya cinye kek, ya leƙa tiren matarsa ya ce ai ke ba kya cin kek ko. In ma'aikaciya ta zo wucewa ya tambaya ko akwai ragowar abinci. Yallaɓai, lemon nan bai yi alkawarin goge abin da ya gabata ba. Suga ne kawai babu a cikinsa, ba kaffara ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta taɓo ku, wata biyu kafin maganar kansa. A watan Mayun 2023 ta ba da shawarar kada a dogara da waɗannan sinadaran zaƙi don rage ƙiba, domin da aka bi mutane shekaru ba a ga sun rame saboda su ba. Akwai kuma wani babban bincike a Faransa da ya bi mutum fiye da 100,000, wanda aka wallafa a 2022, ya ga masu yawan shan kayan zaƙin nan sun ɗan fi sauran kamuwa da kansa. Alhaji na jin haka zai gyara zama. Dakata tukuna. Irin wannan bincike kallo yake yi, ba ya iya rantsuwa cewa wannan ne ya haifi wancan. Wa ke komawa shan marar suga tun farko? Sau da yawa wanda ƙiba ta riga ta kama, ko wanda likita ya riga ya ja wa kunne. In ka shiga asibiti ka ga kowa da carbi, ba carbin ne ya kwantar da su ba. Donald Trump ya taɓa rubutawa a 2012 cewa bai taɓa ganin siriri yana shan Diet Coke ba, kuma shi ne mutumin da jaridun ƙasarsa suka ce yana shan kusan dozin a rana, har da maɓalli a teburinsa na Fadar White House wanda in ya danna ake kawo masa. Ko ya faɗi haka a kan wasu ne ko a gaban madubi, shi ya sani. Masu binciken na Faransa sun yi ƙoƙarin cire tasirin ƙiba da sauransu daga lissafi, amma su ma ba su ce an rufe magana ba, kuma shawarar hukumar da kanta ta zo da sharaɗi. Abin da na ɗauka daga ciki: shan sa kullum kamar ruwa ba dabara ba ce, kofi ɗaya tsakanin Kano da Jidda kuma ba abin kiran taron dangi ba ne.

Sai masu cewa ba ruwansu da lafiya, su dai abin ba daɗi. Ku na fi girmamawa, don ba ku fake da likita ba. Amma ku ma ina da tambaya: a ina kuka ɗanɗana? In a sama ne, to harshenku ba ya cikin hayyacinsa. A 2010 kamfanin Lufthansa ya sa cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta gwada mutane cikin gangar jirgin da aka rage wa iska kamar yana sama, aka ga jin gishiri da jin zaƙi duk suna raguwa, gishiri da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, zaƙi da 15 zuwa 20. Iskar jirgi a bushe take, danshinta ba ya kai kashi 20, hanci ya bushe, in hanci ya bushe kuwa rabin ɗanɗano ya tafi, kowa ya san yadda abinci ke zama lami ranar mura. A 2015 masu bincike a Jami'ar Cornell suka ƙara da cewa ƙarar injin ma tana da hannu: da suka sa wa mutane ƙara irin ta cikin jirgi, zaƙi ya dushe musu, ɗanɗanon romo irin na tumatir kuma ya ƙaru. Shi ya sa Bature da ba ya kallon ruwan tumatir a gidansa yake nemansa da zarar an tashi. Wato mai sugan da kuke yabo, a sama kuna shan sugansa cif-cif amma ba kwa jin zaƙinsa cif-cif. An caje ku kuɗin kaya duka an ba ku kashi huɗu cikin biyar.

Kuma wanne kuka ɗanɗana? Domin biyu ne, kuma masoyansu ba sa ga maciji. Diet Coke, wanda a ƙasashe da dama ake kira Coca-Cola Light, ya fito a 1982, kuma tun asali ba a yi shi don ya kwaikwayi Koka ta ainihi ba, haɗinsa daban ne. Coke Zero ya zo a 2005, shi ne aka ce ya yi kama da na asalin, aka haɗa masa asfatem da wani sinadarin zaƙi na biyu. Aka kuma sa masa baƙar riga, domin kamfanin ya lura maza suna jin kunyar a gan su da lemon da ake ɗauka na mata masu rage ƙiba ne. Ku duba fa: ƙato da gemunsa, ba ya tsoron jirgi ya yi tangal-tangal cikin gajimare, amma yana tsoron launin gwangwani. Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba ashe. Wanda ya saba da ɗaya in aka miƙo masa ɗayan sai ka ga fuskarsa ta canza kamar an yi masa rasuwa, ma'aikaciya kuwa ba ta da yadda za ta yi, don kowane kamfanin jirgi da wanda ya ƙulla ciniki da shi. Delta da Coca-Cola 'yan gari ɗaya ne, Atlanta, sun daɗe tare. JetBlue kuma ya koma Pepsi a 2019, fasinjojinsa suka yi ta ƙorafi sai ka ce kujerun aka cire.

Wani Bazazzagi zai ce duk wannan dogon Turanci ne, shi dai a ba shi mai suga ya sha abinsa, kakanninsa da rake suka girma. Na ji, kuma ba zan ja da mutumin da ya fi ni sanin rake ba. Amma rake sai ka fere, ka tauna, ka tsotse, ka tofar, muƙamuƙinka ya gaji kafin ka ƙoshi. Gwangwanin Koka mai mililita 330 kuwa giram 35 na suga ke cikinsa, kusan ƙaramin cokali tara, kuma cikin minti biyu ya wuce. Hukumar Lafiya ta ce in da hali kada babba ya wuce wajen giram 25 a yini, cokali shida ke nan. Gwangwani ɗaya ya cinye kason yini har ya ci bashin gobe, kana zaune an ɗaure ka da bel, ko taku goma ba za ka yi ba. Ba banza ba Ingila ta sa wa lemon suga haraji a 2018, Najeriya ma ta sa Naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021. Naira goma dai, Allah na tuba, ko yaro ba za ta hana saye ba, amma ta nuna gwamnati ma ta san inda gizo ke saƙa.

A nan zan ɗan ajiye wasa, don akwai wanda maganar nan ba zaɓin daɗi ba ce a wajensa. Mai ciwon suga. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin alhazai ya san yawan dattawan da ke ɗauke da maganin suga a jakar hannu. Ga irin wannan bawan Allah, bambancin mai suga da marar suga bambancin lafiya da wahala ne, kuma shawarar nan ta Mayun 2023 ta faɗa ƙarara cewa ba ta shafi masu ciwon suga ba. In an tsiyaya lemon a kofi ba a gane wanne ne wanne da ido, ma'aikaciya kuma 'yar Adam ce, tana iya kuskure, harshe ma ga shi ya dushe. Don haka ba rashin kunya ba ne Baba ya ce a nuna masa gwangwanin, ko a ba shi ya fasa da kansa. Abin yana juyawa kuma: in Baba ya sha maganinsa ko ya yi allura, abinci ya yi jinkiri, ya fara rawar jiki da gumi, sugansa ne ya faɗi, a lokacin mai sugan ne magani, marar suga ba zai yi masa komai ba. Wanda ke rakiyar tsoho ya riƙe wannan. Akwai kuma wasu ƙalilan da ake haifa da wata cuta ta gado wadda jikinsu ba ya iya sarrafa fenilalanin, ɗaya daga cikin abubuwan da asfatem ke rikiɗewa ya zama a ciki. Saboda su ake rubuta gargaɗi a jikin gwangwani. Su kam an hana su da gaske, kuma ba a WhatsApp suka ji ba.

To saura kai, Malam mai gorar ruwa, da ka yi shiru tun ɗazu kana jira a gama ka ce duk ruwa ya fi. Ya fi. Babu mai musu. Ka ci gari. Abin da ya sa ba a son zama kusa da kai ba don ba ka da gaskiya ba ne, don ba ka gajiya da samun ta ne. Ina ma taya ka da hujja: marar sugan bai tsira daga tsamin da ke cin haƙori ba, yana nan a cikinsa kamar yadda yake cikin mai suga. Kuma wanda ya sha Diet Coke a jirgin dare don ya yi barci ya yi wa kansa, domin kafeyin ɗinsa ya fi na Koka ta ainihi, miligiram 46 a gwangwanin Amurka inda ta ainihin ke da 34. Sai dai kafin ka yi murna, Malam, ɓallen goron nan da ke cikin kumatunka tun daga filin jirgi, me kake tsammani ke cikinsa da yake hana ka gyangyaɗi? Kafeyin ɗin dai ne. Shi John Pemberton da ya fara haɗa Koka a Atlanta a 1886, daga goro ya samo nasa.

Abu ɗaya ne ban ji kowa cikinku ya kawo ba, kuma shi ne ya fi shafar jama'ar da ke cikin jirgi. Iskar da ta sa kumfa ta ƙi kwanciya a kofi ba ta canza hali don ta shiga ciki. In jirgi ya hau, duk iskar da ke cikin hanjin mutum tana buɗewa da wajen rubu'i ko fiye, shi ya sa bel ke matse ka bayan awa guda ko ba ka ci komai ba. Ka ɗora lemo mai iska a kai, ja ne ko baƙi, da suga ko babu, duk ɗaya ne a nan. Alhaji ya sha mai suga biyu don ya nuna mana ba ya tsoro, ɗan boko ya sha marar suga uku don ya nuna mana ya waye, kuma an ce da safe dukansu da ɗanwake suka karya. Saura awa uku a sauka Jidda, tagar jirgi kuma ba ta buɗuwa. Ni dai na roƙi ma'aikaciya ta canza mini kujera.